YADDA AKA KARƁO AMANAR NAMIBIYA DAGA HANNUN AFIRKA TA KUDU

A cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal akwai mutanen Mubi da Gwoza da Bama da Ganye da Mambila masu yawa, wasu 'yan kasuwa, wasu ma'aikata. Da wuya matasansu su yarda idan aka ce musu ran da Nijeriya ta sami mulkin kai, watau ran 1 ga Oktoba 1960, garuruwansu ba sa cikin Nijeriya. Amma haka abin yake. A lokacin ana kiran yankin nan Kamaru ta Arewa, ƙasa ce ta amana wadda Ingila ke riƙe da ita da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya.

Asalin abin kuwa shi ne, Jamus ce ta mallaki Kamaru kafin Yaƙin Duniya na Farko. Da aka ci Jamus da yaƙi, sai aka ƙwace ƙasashen da take mulka, aka rarraba su ga waɗanda suka ci nasara. Sharaɗin da aka gindaya shi ne riƙon amana za su yi, su kula da jama'ar, su riƙa kai rahoto ga tsohuwar majalisar ƙasashen duniya mai mazauni a Janiba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada.

Da lokaci ya yi, Majalisar ta aiko wakilinta, Dokta Djalal Abdoh mutumin Iran, ya sa ido aka yi ƙuri'ar raba gardama. A cikin 1959 mafi yawan mutanen yankin suka ce a dakata tukuna. A watan Fabrairu 1961 aka sake, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Mata ma sun jefa ƙuri'a bisa umurnin Majalisar, alhali sauran matan Jihar Arewa ba su da wannan dama a lokacin. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna.

To, akwai wata ƙasar Afirka wadda ita ma daga hannun Jamus aka ƙwato ta, aka ba da ita amana a zamani guda. Amma mutanenta sai da suka jira har 1989 kafin su ga irin wannan akwatin ƙuri'a. Ƙasar ita ce Namibiya.

AN BA KURA AJIYAR NAMA

Namibiya tana kudu maso yammacin Afirka, a bakin teku, tsakanin Angola da Afirka ta Kudu. Girmanta bai kai na Nijeriya ba da kaɗan, amma yawancinta hamada ce, kuma ƙidayar 2023 ta nuna mutanenta miliyan uku ne da 'yan kai. Allah ya hore mata lu'ulu'u da yuraniyam da kifi.

Jamusawa sun kafa mulki a can a cikin 1884. Da ƙabilun Herero da Nama suka tayar a 1904 saboda ƙwace musu filaye da shanu, sai Janar von Trotha ya kora Herero cikin hamada ya hana su rijiyoyi, waɗanda suka saura aka tsare su a sansanoni. Dubun dubatar mutane suka halaka kafin 1908. Sai a 2021 Jamus ta amsa da bakinta cewa kisan ƙare dangi ne aka yi.

A cikin 1915 sojan Afirka ta Kudu suka kori Jamusawa, a 1920 kuma aka danƙa wa Afirka ta Kudu amanar ƙasar. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ta rarraba wa fararen fata filaye masu kyau, ta tura baƙaƙe gefe. Da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, duk masu riƙe da irin waɗannan ƙasashe a Afirka suka yarda su sa su ƙarƙashin sabon tsarin amana, ban da Afirka ta Kudu. Ita cewa ta yi a bar ta ta haɗe ƙasar. Majalisar ta ƙi a 1946.

Sarkin Herero, Hosea Kutako, ya so ya kai kukan jama'arsa, hukuma ta hana shi fita. Sai ya damƙa takardarsa ga wani limamin Kirista Bature, Michael Scott, wanda ya tsaya gaban wani kwamitin Majalisar a 1949 ya faɗi abin da ke gudana.

TAKARDA TA FITO, AN ƘI BIN TA

Shekarar 1960 ta canja fuskar Majalisar. Ƙasashen Afirka 17 suka sami mulkin kai a cikinta, Nijeriya kuma ta zama wakiliya ta 99 ran 7 ga Oktoba. Ran 14 ga Disamba aka zartar da ƙuduri mai lamba 1514, wanda ya tabbatar da cewa kowace al'umma tana da ikon zaɓa wa kanta makoma, kuma ba a yarda a fake da cewa mutane ba su shirya ba don a jinkirta musu 'yanci. Ƙasashe 89 suka goyi baya, ba wadda ta fito ta ce a'a, amma tara suka ƙaurace wa ƙuri'ar, cikinsu har da Ingila da Faransa da Amurka da Fotugal da Afirka ta Kudu.

A shekarar nan ce Habasha da Laberiya suka kai ƙarar Afirka ta Kudu Kotun Duniya da ke Heg. Aka shekara shida ana shari'a. Ran 18 ga Yuli 1966 alƙalai suka rabu bakwai da bakwai, shugaban kotun, Percy Spender na Ostareliya, ya raba gardama da ƙuri'arsa, aka kori ƙarar. Ba a ce Afirka ta Kudu tana da gaskiya ba, cewa aka yi masu ƙara ba su da hurumin kawo ta.

Wannan hukunci ya yanke wa mutanen Namibiya ƙauna. Ƙungiyar SWAPO, wadda aka kafa a 1960 a ƙarƙashin Sam Nujoma, ta yi arangamar farko da jami'an Afirka ta Kudu ran 26 ga Agusta 1966 a arewacin ƙasar. Ran 27 ga Oktoba Babban Zauren Majalisar ya soke amanar baki ɗaya, ƙasashe 114 suka yarda, Afirka ta Kudu da Fotugal kaɗai suka ƙi. A 1967 aka naɗa majalisar ƙasashe 11 don ta riƙe ƙasar, Nijeriya tana ciki. Amma ko sauka a Windhoek, babban birnin ƙasar, ba a bar su sun yi ba. A 1971 Kotun Duniya ta dawo ta ce zaman Afirka ta Kudu a can haramun ne, ta tattara ta fita. Ko gezau.

Me ya sa? Babban Zaure yana da baki amma ba shi da sanda. Sandar tana hannun Kwamitin Sulhu, inda Amurka da Ingila da Faransa ke da ikon hawa kujerar naƙi, kuma kamfanonin ƙasashen Turai suna cin moriyar ma'adinan Namibiya. Sau da yawa idan aka kawo maganar takunkumin tattalin arziki, sai su taka mata birki.

'YAN ƘWADAGO SUN AJIYE AIKI

Wanda ya baro gida ya zo neman abinci a Kurmi zai fi kowa gane abin da ya faru bayan nan. Yawancin masu aiki a ma'adinai da gonaki da masana'antun kifi na Namibiya mutanen arewacin ƙasar ne, 'yan ƙabilar Obambo. Amma ba kamar ɗan Arewa da ke hawa mota ya zo Ikko ya zaɓi sana'arsa ba. Su wata hukumar ɗaukar lebura ce ke duba jikin mutum, ta sa shi a aji na ɗaya ko na biyu ko na uku gwargwadon ƙarfinsa, ta tura shi wurin ubangidan da bai zaɓa ba. Ba ya tafiya da iyali, ba ya canja wurin aiki, idan ya gudu kuwa ya yi laifin da za a kama shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A watan Disamba 1971, 'yan watanni bayan maganar Kotun Duniya, ma'aikata wajen 13,000 suka ajiye aiki, suka ce a mai da su gida. Ma'adinai suka tsaya. Hukuma ta rushe waccan hukumar lebura, ko da yake zaluncin bai ƙare ba. Abin da ya fito fili shi ne, hukuncin da aka yi a Heg ya sami masu ɗaukarsa a cikin ƙasa.

Daga nan sai al'amura suka juya a maƙwabta. Mulkin Fotugal ya faɗi, Angola ta sami 'yanci a Nuwamba 1975. Sojan Afirka ta Kudu suka kutsa cikinta, Kyuba ta aiko da nata sojan don taimakon gwamnatin MPLA. Nijeriya a zamanin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA, kuma a Janairu 1976 ya tsaya a taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Adis Ababa ya ƙi yarda da matsin lambar Amurka a kan maganar. Dakarun SWAPO suka sami wurin kafa sansani a Angola. A 1976 ɗin nan gwamnatin Nijeriya ta buɗe asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikata suka ba da wani kaso na albashinsu.

Jini ya zuba ƙwarai. Ran 4 ga Mayu 1978 jiragen Afirka ta Kudu da sojan laima suka afka wa sansanin Kasinga a Angola, aka kashe mutane wajen 600, da yawansu mata da yara.

SHEKARA GOMA ANA JAN ƘAFA

Ran 29 ga Satumba 1978 Kwamitin Sulhu, wanda Nijeriya ke cikinsa a lokacin, ya zartar da ƙuduri mai lamba 435: a tsagaita wuta, 'yan gudun hijira su komo, a yi zaɓe Majalisar na kallo. Afirka ta Kudu ta ce ta yarda, amma ta yi ta kawo dalilai. Da Ronald Reagan ya hau mulkin Amurka a 1981, sai aka ƙulla wani sabon sharaɗi, wai ba 'yancin Namibiya sai sojan Kyuba sun bar Angola.

Abin da ya warware ƙullin abu uku ne. Yaƙin Angola ya yi wa Afirka ta Kudu tsada, musamman gumurzun Kwito Kwanabale a 1987 da 1988. Takunkumi da janyewar bankunan waje sun matse mata aljihu. Sa'an nan Amurka da Tarayyar Sobiyet suka fara sasantawa. Ran 22 ga Disamba 1988 Angola da Kyuba da Afirka ta Kudu suka sa hannu a yarjejeniya a New York. Kwamishinan Majalisar mai kula da Namibiya, Bernt Carlsson ɗan Suwidin, bai ga ranar ba, yana cikin jirgin da ya tarwatse a Lokabi kwana ɗaya kafin nan, a kan hanyarsa ta zuwa wurin.

Aikin Majalisar ya fara ran 1 ga Afrilu 1989 a ƙarƙashin Martti Ahtisaari na Finlan. Ya fara da ƙafar hagu, don faɗa ya ɓarke a kan iyakar arewa kafin sojan Majalisar su gama isowa, aka rasa rayuka fiye da 300. Duk da haka aka ci gaba. Sojoji da 'yan sanda da malaman zaɓe daga ƙasashe da dama, har da 'yan sandan Nijeriya, suka bazu cikin ƙasar. 'Yan gudun hijira fiye da 40,000 suka komo gida.

Daga ran 7 zuwa 11 ga Nuwamba 1989 aka yi zaɓe. Kashi 97 cikin ɗari na masu rajista suka fito. SWAPO ta sami kashi 57, watau kujeru 41 daga cikin 72. Da yake ba ta kai kashi biyu cikin uku ba, tilas ta zauna da abokan hamayya aka rubuta tsarin mulki tare. Ran 21 ga Maris 1990 aka sauke tutar Afirka ta Kudu, Sakatare Janar Perez de Cuellar ya rantsar da Sam Nujoma, Nelson Mandela wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba yana wurin. Ran 23 ga Afrilu Namibiya ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin wakiliya ta 160, shugaban Babban Zauren kuwa a lokacin shi ne Janar Joseph Garba na Nijeriya.

ABIN DA YA SAURA

Bambancin Lardin Sardauna da Namibiya a fili yake. Inda mai riƙon amana ya yarda ya saki, aikin Majalisar bai wuce kawo akwati da ƙidaya ƙuri'a ba. Inda ya ƙi, takarda ita kaɗai ba ta fitar da shi, sai mutanen ƙasar sun tashi, maƙwabta sun ɗauki nauyi, kuma zaman ya fi ƙarfin aljihunsa. Amma takardar ma ba banza ba ce. Ita ta hana duniya amincewa da haɗe Namibiya shekara da shekaru, ita kuma aka ɗauko aka bi ran da aka gaji da yaƙi.

'Yanci bai share dukan hawaye ba. Sai 1994 aka mai da wa Namibiya tashar jiragen ruwa ta Walvis Bay, kuma ƙididdigar 2018 ta nuna wajen kashi 70 cikin ɗari na manyan gonakin kasuwanci suna hannun fararen fata.

A 1945 mutane wajen miliyan 750, kusan sulusin jama'ar duniya, suna ƙarƙashin mulkin mallaka. Yanzu yankuna 17 suka saura a jerin Majalisar, yawancinsu ƙananan tsibirai. Mafi girma a cikinsu shi ne Yammacin Sahara, nan arewa maso yammacin Afirka, wanda ke cikin jerin tun 1963. A 1991 Majalisar ta tura ma'aikatanta can don shirya ƙuri'ar raba gardama, amma Maroko da ƙungiyar Polisario suka kasa daidaitawa a kan wa ya cancanci jefa ta. Dubban mutanen yankin suna zaune a sansanonin Tinduf cikin hamadar Aljeriya, yaran da aka haifa a shekarar da aka yi alkawarin sun zama iyaye, har yanzu ba a kawo akwatin ba.