Hannu Ɗaya Ma Yana Kai Loma Baki

Yau hirar tamu ta wasu yara ce da muke da su a gidajenmu, waɗanda ake turawa ƙuryar ɗaki idan an yi baƙi, wai don wuyansu bai tsaya ba ko hannu ya shanye. Wani a ce ɗan ruwa ne, wani a ce aljanu suka taɓa shi, ƙarshenta in ya tasa a miƙa masa ƙoƙon bara.

Ni dai 'yar Baure ce ta masarautar Daura, kuma kun san mu da Nijar kamar ɗaki da rumfa muke. In kika bi ta Babban Mutum, nan da nan kin shiga ƙasar Magarya ta jihar Damagaram. Can na yi wata biyu ina aikin sa kai bayan na gama sakandare, a wata cibiyar yara inda innata ke aikin jinya. Tafinta nake yi tsakanin iyaye mata da wata baturiyar Ingila da ta zo taimako.

Aikinta ya bambanta da na mai gashin ƙashi. Shi gaɓa yake motsawa don ta yi ƙarfi, ita kuwa yaron take koya wa yadda zai mori abin da Allah Ya bar masa: ya ci tuwo da kansa, ya sa riga, ya riƙe fensir. A wajenta na fara jin cewa doguwar naƙuda, da shawarar jarirai, da sanƙarau, su ne sukan taɓa ƙwaƙwalwar yaro har gaɓɓansa su ƙi yi masa biyayya.

Wallahi kayan aikin nata duk na gida ne. Sai ta naɗe mariƙin cokali da tsumma ya yi kauri, hannun da ba ya damƙa sosai ya samu abin kamawa. Yaron da ba ya zama, a jingina shi a kusurwar ɗaki da matashi. In za a ba shi kunu a zaune yake sha, domin ɗura a kwance ita ke sa ya ƙware. Yatsu kuwa da murza laka da zura manyan duwatsun wuya a zare ake horar da su, babba na kusa kada ya kai baki. Akwai wata yarinya 'yar shekara 6 da ta yi mako 5 tana zubar da koko a jikinta kafin ta kai cokali baki. Ranar da ta kai, uwarta guɗa ta rangaɗa.

Irin waɗannan baƙi sun daɗe suna zuwa Nijar. Asibitin Galmi tun 1950 yake, na CURE da ke Yamai an buɗe shi a 2010 don yara masu naƙasa. Amma baƙo raɓa ne, in hutunsa ya ƙare sai ya koma. Ke da kike jin harshen uwar yaron, kika san yadda ake lallashin kaka ta yarda, ke ce za ki ɗore.

Saboda haka ƙanwata, in akwai irin wannan yaro a gidanku, ki roƙi Baba a kai shi asibiti a duba shi, ga na ƙashi na Dala a Kano tun 1959. A kuma ci gaba da karɓar rigakafin shan inna, ko da yake a 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Sannan kullum bayan la'asar ki ba shi rabin awa, ki danne zuciyarki ki bar shi ya gwada da kansa ko zai ɓata riga. Mai sha'awar wannan karatu kuma ta riƙe darussan kimiyya da kyau, domin sana'a ce da ake karantawa har jami'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ba mu haƙurin kula da su, amin.