Kwandala ba ta tuna baya: lissafin da ke cinye kuɗin masu wasan sa'a a waya

Duk wanda ya rubuta "flip a coin" a akwatin binciken Google, nan take kwandala za ta bayyana a wayarsa tana juyawa, ta faɗi ko ta fuska ko ta baya. Abin wasa ne, amma lissafinta ne ke ƙarƙashin wasannin "ninka kuɗinka" da suka cika wayoyin matasa, kuma rashin saninsa na lamushe kuɗin data har da na cefane.

A jifa ɗaya, damar fitowar fuska rabi ce. Ta fito sau biyu a jere, 1 cikin 4. Sau goma a jere, 1 cikin 1,024. Daga nan ruɗin ke farawa: idan fuska ta fito sau tara, sai zuciya ta ce yanzu kam lokacin baya ya yi. Alhali wancan 1 cikin 1,024 na jifa goman da ba a fara ba ne. Tara sun riga sun wuce, na goman kuwa rabi da rabi ne, kamar na farko.

Ba yau aka fara faɗawa wannan rami ba. A watan Agusta 1913, a gidan caca na Monte Carlo, ƙwallon faifan caca ta faɗa gidan baƙi sau 26 a jere. 'Yan caca suka yi ta zuba kuɗi a kan ja, suna ganin dole ya zo, har suka tafka asarar miliyoyi.

To, ina maganar cewa a ƙarshe komai na daidaita? Masanin lissafi John Kerrich ya gwada ta lokacin da yake tsare a Denmark a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya jefa kwandala sau 10,000, fuska ta fito sau 5,067, wato kusan rabi. Sai dai ba ramuwa kwandalar ta yi ba. Yawan jifa ne ke narkar da bambancin, yadda cokalin gishiri ke ɓacewa a randar ruwa.

Abin da ya fi shafar aljihu shi ne matsakaicin abin da kowane zubi ke dawowa da shi. A ɗauka wata manhaja na biyan ₦190 ga wanda ya zuba ₦100 ya ci, wanda ya faɗi kuma ya tashi a tutar babu. Rabin ₦190 shi ne ₦95. Ke nan kowace ₦100 na barin ₦5 a hannun mai manhaja, ko da ba a yi maguɗi ba. Ba ta da yawa a ido, amma zubi 1,000, wanda ɗan yatsa ke iya yi cikin 'yan kwanaki, ya kama ₦5,000.

Sai kuma dabarar da ake yaɗawa a zaurukan Telegram da WhatsApp kamar wani sirri: in ka faɗi, ka ninka. ₦100, ₦200, ₦400, har a ci. Dabarar ta girmi wayar salula da ɗaruruwan shekaru, kuma a irin wannan manhaja tun a zubi na biyar take karyewa. A lokacin mutum ya yi asarar ₦1,500, ya zuba ₦1,600, in ya ci ribarsa ₦1,440 ce. Ya ci, amma yana bin kansa bashin ₦60. Idan kuwa faɗuwar ta kai goma a jere, ₦102,300 sun tafi. Kada a ce abu ne mai wuya: cikin jifa 1,000, damar haɗuwa da irin wannan jerin ta haura kashi 38 cikin 100.

Ita kanta kwandalar ƙarfe ba ta cika adalci ba. A 2023 wasu masu bincike ƙarƙashin František Bartoš sun jefa ta sau 350,757, suka ga tana faɗuwa a gefen da ta fara da shi kashi 50.8 cikin 100. Wannan dai ana ganinta da ido, ana iya ƙirgawa. Ta cikin manhaja kuwa, lambobin da ke juya ta na can a kwamfutar mai manhajar.