Ƴan lodin cikin ƙwayar halitta: yadda ake haɗa furotin a kwalba

Duk wanda ya taɓa rakiyar ma'aikatan riga-kafi zuwa ƙauye a watan Afrilu ya san fargabar da suke ciki. Galibin alluran sai an ajiye su tsakanin digiri 2 da 8, alhali a Agadas ko Diffa zafi kan haura 40. Ƙanƙarar akwati ta narke, magani ya lalace, tafiya ta tashi a banza. To, shin ba za a iya kai kayan haɗin a bushe ba, a haɗa maganin a can inda ake buƙatarsa? Masana na aiki a kan haka, kuma sirrin yana hannun wasu enzayim guda 20 da ba kasafai ake jin labarinsu ba.

Yawancin alluran riga-kafi, da magunguna irin su insulin, furotin ne ko kuma suna ɗauke da shi. Shi furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20. DNA ke riƙe da umarnin yadda za a jera su, na'urar da ke jerawa kuma sunanta raibozom. Amma amino asid ba ya kai kansa wurin aiki. Wani ɗan ƙaramin RNA mai dako, wanda ake rubutawa tRNA, shi ke ɗauko shi kamar amalanke.

Wa ke yi wa amalanken lodi? Nan ne enzayim da ake kira aminoasil-tRNA sintetes suka shigo. Kowane amino asid da nasa ɗan lodin. Da farko ya kama amino asid ɗin, ya cusa masa ƙarfi daga sinadarin ATP, sannan ya nemo amalanken da ta dace ya ɗora mata. Mahlon Hoagland da Paul Zamecnik ne suka gano waɗannan matakai a birnin Boston na Amurka cikin shekarun 1950, suna aiki da ruwan hantar ɓera da aka niƙa, babu ƙwayar halitta mai rai a ciki.

Abin mamaki shi ne, raibozom ba ya duba kaya, lambar amalanke kawai yake karantawa. A 1962 Bafaranshe François Chapeville da abokan aikinsa suka tabbatar da haka. Sun bari aka loda amino asid mai suna sistin, daga baya suka mayar da shi alanin yana bisa amalanken. Raibozom ko a jikinsa, ya saka alanin a gurbin sistin. Ke nan idan ɗan lodi ya yi kure, babu mai kamawa a gaba.

Shi ya sa waɗannan enzayim ba sa wasa. Ɗauki isoliyusin da balin: bambancinsu atam ɗaya ne na kabon da biyu na haidurojin. Enzayim ɗin isoliyusin yana da rariya biyu. Ta farko tana hana manya shiga, ta biyu kuma tana cire balin idan ya kutsa. A ƙarshe kuren da ake samu wajen haɗa furotin bai wuce kusan ɗaya cikin 10,000 ba.

Haɗa furotin ba tare da ƙwaya mai rai ba tsohon aiki ne. Da shi Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka fara karanta harshen DNA a 1961, aikin da ya kai Nirenberg ga kyautar Nobel a 1968. Sai dai ruwan ƙwayoyin da aka fasa kamar miyar taro yake: akwai abin da ake so, akwai kuma masu cinye furotin ɗin da aka haɗa. A 2001 Yoshihiro Shimizu da Takuya Ueda na Jami'ar Tokyo suka fito da tsarin PURE. Sun tace kowane abu daban daga bakteriyar E. coli, har da ƴan lodin nan 20, sannan suka haɗa su a kwalba. Tsabta ta samu, amma fa da tsada, domin tace enzayim ɗaya-ɗaya aiki ne mai cin kuɗi da lokaci.

Mataki na gaba shi ne busarwa. A 2014 Keith Pardee da James Collins suka nuna ana iya busar da kayan haɗin a kan takarda, a ajiye ba firji, a tada su da ɗigon ruwa. A 2016 suka yi amfani da dabarar wajen gwajin cutar Zika. A 2021 masana na jami'o'in Northwestern da Cornell suka haɗa allurar riga-kafi ta wannan hanya cikin kusan awa guda, ta kuma kare ɓeraye daga cuta. A lura: ɓeraye aka ce. Kafin a kai ga yaro a asibitin karkara, akwai gwaji a kan mutane, da tabbatar da tsabta, da batun farashi.

Akwai wani ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye. Tunda kowace halitta na buƙatar ƴan lodinta, wanda ya tsayar da na ƙwayar cuta ya kashe ta. Man shafawa na mupirocin haka yake aiki: yana toshe enzayim ɗin isoliyusin na bakteriya. Halofujinon kuwa, wanda asalinsa daga wani tsiron maganin zazzaɓi na ƙasar Sin ne, yana toshe enzayim ɗin furolin na ƙwayar maleriya. Matsalar ita ce yana taɓa na mutum ma, don haka ake neman irinsa da zai kama na cuta kaɗai. A lokacin da aka tabbatar da ƙwayoyin maleriya masu jure wa atemisinin a Ruwanda da Yuganda, kowace sabuwar ƙofa da za a bi a kama cutar abin a sa mata ido ce.