Zoben Launi a Ƙafar Tsuntsu: Haɗa Kan Ƙasashe da Matsalar Sunayen Launi a Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk manomin da ke aiki a fadamun Ikara da Maƙarfi da Kudan ya san tsuntsayen ruwa iri biyu ne. Akwai 'yan gida, kamar balbela, akwai kuma baƙi masu zuwa su koma. Shamuwa takan sauka gab da damina, shi ya sa ake ɗaukar zuwanta a matsayin bushara. Wasu kuwa sai kaka ta yi suke bayyana, su ci rani a bakin ruwa, su ɓace kafin shuka. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana hanyar da masana suke bi su gano inda waɗannan baƙi suke zuwa, sa'an nan a nuna inda harshen Hausa ya shigo cikin al'amarin.

2.0 Asalin sa wa tsuntsu zobe

A shekarar 1822 aka harbo wani galantoyi kusa da garin Klütz a Jamus, aka tarar da makami irin na Afirka a soke a wuyansa. Gawarsa tana nan a Jami'ar Rostock. Wannan ya tabbatar wa Turawa cewa tsuntsun ƙetare hamada yake yi. A 1899 wani malamin makaranta a Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba da adireshi. A Nijeriya ta Arewa ma an yi wannan aiki. R. E. Sharland ya daɗe yana yinsa a Kano, C. H. Fry kuma ya yi nazarin tsuntsaye lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wajejen 1964.

Sai dai zoben ƙarfe yana da nakasu. Rubutunsa ƙanƙane ne, ba ya karantuwa sai tsuntsu ya sake shiga hannu, ko dai a tarko ko a mace. Don haka aka ƙirƙiro zoben roba mai launi, wanda za a hango daga nesa da madubin hangen nesa. Wani lokaci zobba da dama ake jerawa, wani lokaci zobe ɗaya ne mai manyan haruffa, ko kuma mai ɗan kunne da ake kira tuta. Ta haka tsuntsu guda zai ba da labari sau da yawa, yana raye, a ƙasashe daban-daban.

3.0 Dalilin haɗa kai

Launukan da ido yake bambancewa daga nesa ba su da yawa. Idan mai bincike a Holan ya sa ja bisa fari a ƙafar hagu, wani a Faransa ya yi haka ga irin tsuntsun nan, to, wanda ya gan shi a dausayin Haɗeja da Nguru ba zai san na wane ne ba, aikin mutum biyu ya lalace ke nan. Abin ya yi kama da shaidar da makiyaya suke yi wa dabbobinsu: amfaninta yana ga kada gida biyu su yi tarayya a alama ɗaya.

Saboda haka aka kafa ƙungiyoyin daidaitawa. A 1963 aka kafa EURING don haɗa hukumomin sa zobe na ƙasashen Turai. Ƙungiyar International Wader Study Group ita ke riƙe da kundin rajistar launukan tsuntsayen bakin ruwa masu bin hanyar Turai da Afirka ta Yamma, kuma ana neman izninta kafin a fara sabon tsari. A nahiyar Amurka an raba launukan tuta tsakanin ƙasashe: fari na Kanada, shuɗi na Barazil, ja na Chile. A ɓangaren gwamnatoci kuwa akwai yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan dausayoyi, wadda a ƙarƙashinta aka yi wa tafkin Nguru rajista a 2000, da yarjejeniyar AEWA ta 1995 kan tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya.

4.0 Inda harshe ya shigo

Duk wannan tsari ya dogara ne ga rahoton wanda ya gani, shi kuwa rahoto da harshe ake yinsa. A nan akwai matsaloli uku.

Ta farko ita ce ta launi. Hausa tana da tsofaffin kalmomi uku masu faɗin ma'ana, watau fari da baƙi da ja. Mukan ce jar ƙasa, jar saniya, jan mutum, alhali ba launi ɗaya ba ne. Mafi yawan sauran sunayen daga abubuwa aka aro su: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan hoda, rawaya. Ga kore kuma akwai tsanwa da algashi, waɗanda ba kowa ne yake raba su daidai ba. To, a kundin rajista ja daban, ruwan lemo daban. Kore mai duhu daban, mai haske daban. Alal misali, masunci ya ce ya ga jan zobe; in bai fayyace ba, yana iya nufin ɗayan tsuntsaye biyu. Su ma Turawa sun gamu da irin wannan, domin sunan baƙi da na shuɗi da harafi ɗaya suke farawa a Ingilishi, sai suka ɗauki N daga Latin don baƙi.

Ta biyu ita ce ta dama da hagu. Ka'ida ita ce a bi damar tsuntsun, ba ta mai kallo ba. Ta uku ita ce ta gaɓa. Abin da muke kira gwiwar tsuntsu, a ilimin halitta idon sawu ne, kuma zoben da ke bisansa da wanda ke ƙarƙashinsa ba ɗaya ake lissafa su ba. Ana karantawa daga sama zuwa ƙasa.

5.0 Kammalawa

Mutanen da suka fi kowa ganin tsuntsayen nan su ne masu noman rake da tumatir da masunta da maharba, waɗanda ba su jin Turanci. Wanda ya tsinci zobe bai san ma'anarsa ba, ko dai ya yar ko ya tsorata da shi. A Masar ma an tsare wani galantoyi a 2013 bisa zargin leƙen asiri saboda na'urar da ke jikinsa. Shawarata ita ce masana Hausa su zauna da masana tsuntsaye su tsayar da suna ɗaya ga kowane launin zobe, su tattara sunayen tsuntsayen ruwa daga bakin dattawan fadama, sa'an nan a rubuta ɗan jagora don makarantu da gidajen rediyo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muddin ba a yi haka ba, tsuntsun da aka sa wa zobe a Turai zai sauka a fadamar Hunƙuyi ya tashi, labarinsa bai kai ga kowa ba.