Yadda Ake Kwashe Abin Da Ke Cikin Memori Zuwa Kwamfuta

Yau yawancinmu a waya muke ajiye shaida: hoton takardar likitan dabbobi, rasidin duwan, hoton shanu da tambarinsu, har da muryar wanda ya karɓi bashi. Duk suna cikin ɗan katin nan memori da bai wuce farce ba. Bara wani abokin fataucinmu ya kai nasa wani shago a kwashe masa, ya koma gida babu komai a ciki, bashin bijimai huɗu ya zama musu. Don haka ga abin da ya kamata a kiyaye.

Da farko a kashe wayar kafin a zare katin, kada a taɓa gefen nan mai ruwan zinari, a kuma kare shi daga ƙura. A sa shi cikin babban gidansa da ake kira adafta. A gefen hagu na adaftar akwai ɗan makulli. A ja shi ƙasa. In an yi haka, kwamfuta za ta karanta katin amma ba za ta goge ko ta rubuta komai a kai ba, kuma ƙwayar cutar da ke yawo a kwamfutocin shaguna, mai ɓoye fayiloli, ba ta samun hanyar shiga.

Na biyu, ka ce wa yaron shago kwafi kake so. Kada ya taɓa alamar almakashi, domin ita tana ɗauke abu daga katin ne gaba ɗaya, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki sai a yi asara. Hotuna galibi suna cikin jakar da aka rubuta wa DCIM.

Na uku, in kwamfuta ta nemi a yi wa katin fomat, ka ce a'a. Fomat shara ce, kwashe komai take yi.

In an gama, a buɗe hotunan a gabanka, ka ƙirga su kamar yadda kake ƙirga shanu wajen lodi. Sannan a ba kwamfuta umarnin sakin katin, wanda ke ƙasa kusa da agogo, kafin a zare.

In kuwa an riga an goge, daina ɗaukar hoto da katin nan take, ka kai wa masani. Sau da yawa ana ceto su. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.