Abin da ya kamata ku sani game da gwajin tsoka a sankarar mama

Mata biyu na iya zuwa asibiti da ƙullutu a mama, girman iri ɗaya, amma a ba ɗaya ƙwayar da za ta riƙa sha kullum, ɗayar kuma a ce sai an haɗa mata da allurar kemo. Dalilin yana cikin 'yar tsokar da aka ciro aka kai ɗakin gwaji. Can ake rina ta da wasu sinadarai, a duba da madubin likita, a nemi alamomin da ke nuna halin ciwon.

Na farko su ne ER da PR. Idan an same su, ciwon yana samun ƙarfi ne daga sinadaran jikin mace, isturojin da furojastaron. Galibin masu sankarar mama a duniya suna cikin wannan rukuni, kuma labari ne mai daɗi, domin irin wannan ciwon ya fi tafiya a hankali, sannan akwai ƙwayar tamoxifen mai toshe masa hanyar abinci. Ana shan ta shekara 5 zuwa 10.

Sai HER2. A 1987 wani likitan Amurka, Dennis Slamon, da abokan aikinsa suka nuna cewa ciwon da ke da wannan alama da yawa ya fi saurin dawowa. A 1998 aka amince da maganin Herceptin, wanda ke kai wa alamar hari kai tsaye, sai abin da a da ke tayar da hankali ya zama ƙofar magani. Kusan mace 1 cikin 5 masu sankarar mama ke da irin wannan. Ana rubuta sakamakon da 0, 1+, 2+ ko 3+, kuma 2+ yana buƙatar ƙarin gwaji kafin a yanke hukunci. Akwai kuma wata alamar, Ki-67, wadda ke auna saurin hayayyafar ƙwayoyin ciwon.

Idan duka ukun, ER da PR da HER2, babu su, ciwon ya fi zafi, kuma kemo ne babban makami. Bincike ya nuna irin wannan ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Duk da haka alamomin ba su kaɗai ke magana ba. Girman ƙullutun da ko ya kai kaluluwar hamata suna da nauyi sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake riƙe tsokar. Ƙa'ida ita ce a saka ta cikin ruwan fomalin kafin awa 1 da cirowa, ta zauna awa 6 zuwa 72. Inda ake miƙa wa dangi kwalbar tsokar su hau mota zuwa wani gari, jinkiri na iya goge alamar ER, a ce babu alhali akwai, a hana mace ƙwaya mai sauƙin kuɗi da za ta amfane ta. Don haka kafin tiyata ku tambayi likita ina za a kai tsokar, yaushe za a saka ta a fomalin, kuma ko za a duba ER da PR da HER2.