Abin Da Ke Ɗaure Zuciyar Mutum Ga Ƙungiyar Ƙwallo

 Batun kimiyya na wannan mako ya shafi wani abu ne wanda kowa ke gani, amma ba kowa ne ya tsaya ya auna shi ba, watau yadda mutum mai hankali, mai iyali, mai sana'a, ya kan ɗauki zuciyarsa ɗungum ya miƙa wa wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, har ya tsufa bai karɓo ta ba. A Ingila mutum ya kan sake gida, ya sake aiki, ya sake jam'iyyar siyasa, amma da wuya ƙwarai a ji wanda ya sake ƙungiya. 'Yan wasan da ya fara so tun yana yaro sun daɗe da barin fili, mai koyar da su ya tafi, masu kulob sun sayar wa waɗansu, wani lokaci ma filin kansa an bar shi an gina sabo, kamar yadda Arsenal ta tashi daga Highbury a 2006. Abin da ya rage daga na farko suna ne da launin riga. To, me ke riƙe da mutumin nan? Malaman jami'a masu binciken halayen 'yan Adam sun yi shekara fiye da 70 suna bin wannan tambaya, sun kuwa samo amsoshi masu ma'ana.

Amsa ta fari tana cikin tarihin ƙungiyoyin. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a Landan a 1863, aka fara gasar lig a 1888, zamanin da mutanen karkara su ke ta kwarara cikin manyan birane neman aikin masana'antu. Wata doka ta 1850 ta wajabta wa masaƙu su sallami mata da yara da ƙarfe 2 na rana ran Asabar, sannu a hankali hutun ya game sauran ma'aikata, ga shi kuwa har yau ƙarfe 3 na ran Asabar shi ne lokacin wasa na gargajiya a ƙasar. Manchester United ta samo asali a 1878 daga ma'aikatan reluwe na unguwar Newton Heath. Arsenal ta fito a 1886 daga ma'aikatan ƙera makamai na Woolwich. Everton kuwa daga wata majami'a ta taso. Baƙon da ya baro ƙauyensu ya zo birni ba dangi, in ya shiga fili ran Asabar, ya kan sami dubban mutane waɗanda su ke murna da abin da ya ke murna da shi. Tun daga nan ƙungiya ta zama kamar garinsa na biyu, ya kuma bar wa 'ya'yansa ita gado.

Amsa ta biyu ita ce ƙuruciya. Hausawa su kan ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A 2014 wani masanin tattalin arziki na Amurka, Seth Stephens-Davidowitz, ya duba bayanan Facebook na magoya bayan ƙungiyoyin wasan besbol, ya jera su bisa shekarun haihuwarsu. Ya tarar tsakanin shekara 8 da 12 ne yawancin maza su ke kama ƙungiyar da za su mutu da ita, kuma ƙungiyar da ta ci kofi sa'ad da yaro ya ke da shekara 8 ita ta fi samun rabo daga tsaransa. Ko da ya ke wasan dabam ne, hanyar ɗaya ce. Uba ya riƙe hannun ɗansa ya kai shi fili, ko wa ya zauna da ƙanensa suna sauraron rediyo. Yaron bai san dokokin wasa ba tukuna, fuskar babban ya ke karantawa, ya koyi wa za a yi wa tafi, wa za a yi wa tsaki. Sabo da haka in ya girma, barin ƙungiyar ya kan zame masa tamkar barin wanda ya nuna masa ita.

Amma ko ba gado, ɗan Adam ba ya bukatar dalili mai ƙarfi kafin ya kama ɓangare. Henri Tajfel, malami a Jami'ar Bristol, ya tabbatar da haka a gwaje-gwajen da ya buga a 1970 da 1971. Ya tara 'yan makaranta masu shekara 14 zuwa 15, ya nuna musu ɗige-ɗige a allo, ya ce kowa ya kimanta yawansu. Sa'an nan ya gaya wa kowane yaro a asirce wai yana cikin masu zarce adadi, ko cikin masu gazawa, alhali kuwa rabon ba bisa amsarsu aka yi shi ba, haka kawai aka kasa su. Da aka ba su ɗan kuɗi su raba wa sauran yaran, waɗanda ba a faɗa musu sunayensu ba sai lamba da ɓangare, sai kowa ya fifita 'yan ɓangarensa. A wani gwajin ma yaran sun gwammace nasu su sami kaɗan, muddin dai sun ɗara na ɗaya ɓangaren. In ɗige a allo ya isa ya jawo wannan, ina ga riga mai launi, da waƙa, da tarihin shekara 100?

Da zarar mutum ya kama ɓangare, sai ya ɗaura mutuncinsa a jikin ƙungiyar. A wani bincike da aka buga a 1976, Robert Cialdini da abokan aikinsa sun ƙirga tufafin ɗalibai a jami'o'i 7 na Amurka kowace Litinin. Suka ga ran da ƙungiyar makaranta ta yi nasara a ƙarshen mako, masu sa riga mai tambarinta sun fi yawa. Da aka tambayi ɗalibai labarin wasa kuwa, in nasara ce su kan ce "mun ci", in faɗuwa ce sai a ji "an cinye su". Har idon mutum ma ba ya tsira. A watan Nuwamba na 1951 jami'o'in Princeton da Dartmouth suka yi wani wasa mai zafi na irin ƙwallon Amurka, aka fasa wa wani hanci, aka karya wa wani ƙafa. Malamai biyu, Albert Hastorf da Hadley Cantril, suka nuna wa ɗaliban makarantun biyu fim ɗaya na wasan, suka ce kowa ya ƙirga laifuffuka. Laifin Dartmouth da 'yan Princeton suka gani ya ninka wanda 'yan Dartmouth suka gani fiye da sau 2. Ba ƙarya kowa ya yi ba, so ne hana ganin laifi, kuma shi ya sa alƙalin wasa ba ya taɓa gamsar da ɓangare biyu.

Jiki ma yana da nasa rabo. Ran wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1994, wanda Burazil ta doke Italiya da bugun fenariti, Paul Bernhardt da abokansa suka ɗebi miyan waɗansu maza masu kallo a talbijin, kafin wasa da bayansa. Suka auna wani sinadari da jiki ke saki cikin jini, sunansa testosteron. Na magoya bayan Burazil ya hau, na magoya bayan Italiya ya sauka, irin yadda ya kan faru ga masu gasa su da kansu. Mutanen da aka auna ba su da yawa, amma abin ya nuna jikin mai kallo ya kan ɗauki wasan kamar da shi a ke yi. Akwai kuma aikin Wolfram Schultz a shekarun 1990, wanda ya binciki ƙwaƙwalwar birai yana ba su ruwan 'ya'yan itace. Ya gano ƙwayoyin da ke sakin sinadarin dofamin sun fi motsawa in lada ta zo ba zato, in kuwa an san tana tafe ba su cika damuwa ba. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, ƙwallo ɗaya ta kan juya kome, har ƙarami ya kayar da babba, kamar yadda Leicester City ta ɗauki kofin lig na Ingila a 2016 bayan ta tsallake rijiya da baya a 2015. Masana da yawa suna ganin wannan rashin tabbas shi ke komo da mai kallo mako bayan mako.

Da nasara ce kaɗai ke riƙe mutane, da ƙungiyoyi marasa sa'a sun daɗe da watsewa. Abin ba haka ya ke ba. Sunderland ta faɗo daga aji na ɗaya a 2017, ta sake faɗowa aji na uku a 2018, amma ran 26 ga Disamba na 2018 mutum fiye da 46,000 suka cika filinta don kallon wasa da Bradford City, ba ta kuwa komo aji na ɗaya ba sai a 2025. Martha Newson da Harvey Whitehouse na Jami'ar Oxford sun buga wani bincike a 2021, inda suka kwatanta magoya bayan ƙungiyoyin Ingila masu yawan cin kofi da na masu yawan shan kashi. Suka tarar masu shan kashin su ne suka fi ɗaukar junansu kamar 'yan uwa na jini, su ne kuma suka fi cewa za su sadaukar da kansu domin juna. Bayaninsu shi ne wuyar da aka sha tare ta fi daɗin da aka ci tare ɗaure mutane, gama ita ce mutum ya kan yi ta juyawa a ransa har ta zama wani yanki na tarihin kansa.

Tarihin Manchester United ya ba da misali mai nauyi. Ran 6 ga Fabrairu na 1958 jirgin sama ɗauke da 'yan wasanta, suna komowa daga Belgrade, ya faɗi wajen tashi daga Munich ta Jamus. Mutum 23 suka rasu, 8 daga cikinsu 'yan wasa ne, galibi samari. Mai koyar da su, Matt Busby, ya ji mummunan rauni, ya warke, ya sake gina ƙungiyar, har a 1968 ta zama ta fari daga Ingila da ta ci kofin Turai. Har yau magoya bayan da aka haifa shekaru da yawa bayan haɗarin su kan taru kowace shekara don tunawa da shi.

Mai sauraro a Kumasi ko Garwa ko Jidda zai iya cewa shi bai taɓa taka Ingila ba, amma ga shi yana hana kansa barci sabo da Arsenal ko Chelsea. Nan ma hanyar ba ta sake ba. Yawanci mutum ya kan shiga ta ƙofar wani ɗan wasa na gida. Zuwan Nwankwo Kanu Arsenal a 1999 ya jawo mata ɗimbin 'yan Nijeriya, zuwan Michael Essien Chelsea a 2005 da John Obi Mikel a 2006 ya yi haka a Gana da Nijeriya. 'Yan wasan sun tafi, magoya bayan sun zauna, domin kafin nan gidan kallo ya riga ya yi musu abin da filin Asabar ya yi wa leburorin Manchester, watau ya ba su majalisa, da abokai, da abokan tsokana.

Sai dai kuma abin yana da haɗarinsa. Likitocin Munich sun ƙirga masu ciwon zuciya na gaggawa lokacin gasar kofin duniya ta 2006, suka buga sakamakon a 2008. A ranakun da Jamus ta yi wasa, adadin ya ninka na sauran ranaku fiye da sau 2 da rabi, ga maza kuwa fiye da sau 3, kuma da yawa daga cikinsu da ma an san suna da ciwon. A Ingila ma an ga waɗanda aka kwantar sabo da bugun zuciya sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 bayan Ajantina ta fitar da ƙasar da fenariti a 1998. Mafi muni shi ne in son kai ga ɓangare ya rikiɗe ya zama gaba. A filin Heysel na Brussels mutum 39 suka mutu a 1985. A Ankara ta Gana, ran 9 ga Mayu na 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko ya ƙare da jefe-jefe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, aka yi turmutsitsi a hanyoyin fita, mutum fiye da 120 suka halaka.

Shin akwai magani? Mark Levine da abokansa na Jami'ar Lancaster sun buga wani gwaji a 2005 wanda ya nuna hanya. Suka kira ɗalibai magoya bayan Manchester United ɗaya ɗaya, suka sa kowa ya rubuta irin son da ya ke wa ƙungiyarsa, sa'an nan suka aike shi wani gini. A hanya sai wani mai gudu, wanda da ma an shirya da shi, ya faɗi yana riƙe da idon sawu. Sa'ad da ya ke sanye da rigar United, mutum 12 cikin 13 suka tsaya taimakonsa. Da rigar Liverpool kuwa, abokiyar hamayyarsu, 3 cikin 10 ne kaɗai. Aka sake gwajin da waɗansu magoya bayan United, amma wannan karo aka sa su rubuta abin da ya haɗa su da dukan masu son ƙwallo. Sai ga 7 cikin 10 sun taimaki mai rigar Liverpool. Ashe iyakar da mutum ya shata tsakanin "mu" da "su" ba ta dutse ba ce, kalmomi kaɗan sun isa su faɗaɗa ta.

Sabo da haka uban da ke zaunar da ɗansa ɗan shekara 8 gaban talbijin ya sani abu biyu ya ke koya masa a zama ɗaya: wadda zai so, da yadda zai ɗauki mai son wata. Dattijon da ke da hawan jini ko ciwon zuciya kuma kada ya bar shan maganinsa ran babban wasa, in ya ji nauyi a ƙirji kada ya jira busa ta ƙarshe kafin ya nemi likita. A huta lafiya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai rai.